Shaf ɗin da ya ƙi fita

Asabar, 4 ga Mayu

Ƙarar ta ƙaru. Da sai na murɗa sitiyari har ƙarshe take yin ƙwas-ƙwas-ƙwas, yau ko kwanar bakin layinmu sai da ta yi. Na durƙusa na leƙa ta bayan tayar gaba ta hagu. Robar shaf ta yage, giris ya fantsama ko'ina, ƙasa ta shiga. Shaf shi ne ƙarfen da ke ɗauko juyi daga giya ya kai wa taya. Na rubuta wannan ne don in ji cewa na san abin da nake shirin taɓawa.

Tsohon bakanikena ya rufe gareji tun watan jiya. Ido ya ƙi, ya koma wajen ɗansa. Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa motar nan sai shi.

Maman yara ta ce, “Ga mijin Auta nan, ai sana'arsa ce.” Na ce na ji.

Shekara talatin da biyu ina koyar da kimiyya. Ƙarfe guda ne da noti biyar zuwa shida. Zan yi da kaina.

Litinin, 6 ga Mayu

Na kai Maman yara gashin gwiwa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Sati shida ke nan da yi mata aiki, kuma likita ya ce kada ta kuskura ta tsallake Litinin da Alhamis. Da muka dawo na biya wajen mai kayan mota na sayo sabon shaf. Ya tambaye ni wa zai ɗaura min, na ce ni. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya sa min a leda.

Gobe in cire, jibi in ɗaura. Alhamis mota na kan ƙafarta.

Talata, 7 ga Mayu

Na fara da sanyin safiya, a inuwar bango, gefen famfo. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma, na jera sifanu daga ƙarama zuwa babba. Na ɗaga motar da jak, na tara bulo uku a ƙarƙashi, na cire taya.

Babban notin tsakiya ya so ya gwada ni. Na zura sifana cikin bututun ruwa mai tsawon hannu biyu, na taka da ƙafa ɗaya, sai ji na yi ya ce ƙiii ya saki. Abin da na yi shekaru ina zanawa a allo ke nan, yau na gan shi da idona. Na kira Maman yara ta taga in nuna mata, ta ce sannu da aiki, shayina ya huce.

Na kwance notin ƙasa, hob ɗin da taya ke zama a kai ya saki ya karkato. Daga nan, yadda na karanta, tura shaf ɗin kawai za a yi da babban yatsa ya fice ta baya. Na tura da yatsa. Na tura da tafin hannu. Na tura da ƙotar guduma. Tsatsa ta haɗe su kamar tare aka ƙera su.

Na fesa masa man tsatsa, na bar shi ya kwana.

Laraba, 8 ga Mayu

Na yi wauta. Na daki bakin shaf ɗin da guduma kai tsaye har ya baje, zaren noti ya lalace. Sai da na yi awa guda ina gogewa da zarto kafin ya koma yadda zai iya wucewa ta ramin. Ba komai, tsohon ne, jefar da shi za a yi. Amma dai na ji kunyar kaina.

Maƙwabcina mai kemis ya leƙo ta kan katanga ya ce in zuba masa lemon kwalba, wai yana cin tsatsa. Na ce in yana cin ƙarfe haka, me ya sa yake sayar wa mutane. Ya yi dariya, ya ce shi magani yake sayarwa, lemon na matarsa ne.

Bayan la'asar ya motsa. Kaɗan da farko, sai ya zame ya fita daga hob gaba ɗaya. Murna ta ɗebe ni, na kama shi da hannu biyu na fizga don ya fito daga giya. Ya biyo ni kuwa, na faɗi zaune, ƙarfe a cinyata. Da na duba, rabi ne. Kan nasa na ciki, mai kama da kofin ƙarfe, yana nan maƙale a jikin giya, baƙin giris na ɗiga daga bakinsa.

Ban gaya wa Maman yara ba sai da ta tambaya.

Alhamis, 9 ga Mayu

Tasi muka hau. Direban bai bar rami ko ɗaya ba, kuma kujerar baya ba wurin miƙe ƙafa. A tamu motar nakan tura mata kujerar gaba har ƙarshe, in sa filo. Tun a hanya na ga tana cije leɓe. Da muka dawo gwiwar ta kumbura, ta yi zafi kamar an sa ta a wuta. Na kawo ƙanƙara a tawul.

Ba ta ce min komai a kan mota ba. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 10 ga Mayu

Kofin bai motsa ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Na aro liba, ƙarfen ɓare taya, na sa bakinta tsakanin kofin da jikin giya na danna da dukan nauyina. Yakan ɗan taso kamar faɗin farce, sai ya koma. Na yi haka ya fi sau ashirin. A na ƙarshe libar ta kufce, bayan hannuna ya daki ƙarfe, fata ta saɓule a gaɓoɓi uku. Mai kemis ya wanke ya naɗe, bai yi min tsiya ba, Allah ya saka masa.

Littafin gyaran mota da nake dubawa ya ce akwai wani ɗan zoben waya a can ciki, shi ke riƙe da kofin. Zoben da bai kai na yatsa kauri ba.

Tunda hannu ya hana aiki, bari in rubuta abin da nake ta kewayewa. Mijin Auta ɗalibina ne. A benci na ƙarshe yake zama, gefen taga, ba ya magana, ba ya kawo aikin gida. A aji uku ya daina zuwa. Na ja layi a kan sunansa a rajista, na rubuta “ya gudu” da jan biro. Ban ƙara ganinsa ba sai bayan shekara goma sha huɗu, ranar da Auta ta ce ga wanda take so. Auta da ta yi digiri biyu. Ban hana ba, ba wanda zai ce na hana. Na yi duk abin da uba ke yi. Sai dai shekara biyu ke nan in ya gaishe ni nakan amsa, shi ke nan. Yakan kawo ta ya tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa cewa ya shigo ba, ban kuma taɓa cewa kada ya shigo ba. Motata kuwa nakan wuce ta gaban garejinsa in kai ta can ƙarshen gari.

Ita ma Auta zuwanta ya ragu. Na ce aiki ne ya yi mata yawa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na ji Maman yara tana waya da Auta a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Abin da na tsinta kawai, “Kin san halin babanki,” da “a'a, kada ya ce masa komai.” Da ta fito da sandarta ta ce gobe Auta za ta zo ta kai ta asibiti, in huta. Na ce to.

Na zauna a gaban motar ina kallonta, ƙafa uku a ƙasa ɗaya a sama. Kaji sun fara kwana a ƙarƙashi.

Litinin, 13 ga Mayu

Ba Auta ce ta tuƙo ba, mijinta ne. Ta shigo ta ɗauki mamanta, shi ya tsaya a bakin ƙofa yadda ya saba. Ƙofar a buɗe take, motar na fuskantarsa, da tabarma da sifanu da rabin shaf a ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jikin Mama, ya ga bandejin ya ce Allah ya sawwaƙe. Idonsa ya je kan bulon nan uku, ya daɗe a can, ya dawo.

Na lura ya riga ya tura kujerar gaba baya, ya sa filo. Wa ya gaya masa?

Da suka dawo ina zaune a wurin. Mata suka shige ciki. Na ce, ba tare da na dube shi sosai ba, ku masu wannan sana'a me kuke ce wa zoben nan da ke cikin giya. Ya faɗi sunan. Ya ce yana ba kowa wahala, ko shi akwai wanda ya taɓa cinye masa kwana biyu. Ban san ko gaskiya ba ne ko don ya sanyaya min rai.

Sannan ya ce, “In Baba ya yarda, gobe da safe in zo in riƙe masa fitila. Wurin da duhu.”

Na ce fitilar tawa ma batirinta ya yi sanyi.

Talata, 14 ga Mayu

Ƙarfe bakwai ya iso, da kayan aiki a jikinsa, da akwatin ƙarfe. Wannan karon ya tsaya a ƙofa na ce masa ya shigo, tunda ba daga waje zai haska ba.

Abin da ya fara yi, ya fito da ƙafafun ƙarfe biyu na ɗora mota, ya ƙara ɗaga ta da jak, ya kafa su, ya zare bulon. Na tsakiyan ya rabe biyu a hannunsa. Ashe ya tsage tun tuni, ni kuma kwana biyar ina kwance a ƙarƙashi, har da jijjiga motar da liba. Ya ajiye gutsattsarin a bayan famfo, inda ba a hangowa daga tagar ɗaki. Ya ce bulon yanzu ba su da siminti. Na ce haka ne.

Muka kwanta a tabarma, kafaɗa da kafaɗa, don wurin bai ishi a yi nesa da juna ba. Da gaske fitilar ya riƙe. Ya ce in nuna masa yadda nake yi. Na sa liba na danna, kofin ya taso ya koma. Ya ce daidai nake sa ta, wurin ke nan. Sai dai zoben, in aka matsa masa a hankali, ƙara buɗewa yake ya kama. Bugu ɗaya yake so, gajere, ba zato. Kuma yana da baki a gefe guda, in bakin bai faɗo inda ya dace ba ko an kwana ana yi ba zai fita ba. Don haka a juya kofin kaɗan, a gwada, a ƙara juyawa, a gwada.

Ya sa tasa libar ta ɗaya gefen don kada kofin ya karkace. Shi yana juyawa, ni ina bugun ƙotar tawa da tafin hannun hagu. Na ɗaya, shiru. Na biyu, shiru. Muka yi ta zagayawa.

A tsakanin nan ne na tambaye shi. Ban shirya ba, bakina ne ya yi. Na ce me ya fitar da shi daga makaranta. Ya ce mahaifinsa ne ya kwanta a shekarar, ciwon ɓarin jiki, su shida ne kuma shi ne babba, sai kawunsa ya ɗauke shi gareji gaba ɗaya. Aikin gidan da ba ya kawowa, daga makaranta gareji yake wucewa tun yana aji biyu.

“Sau biyu na zo ofishin malamai zan gaya maka,” in ji shi. “Na tarar kana duba takardu, sai na koma.”

Ba da zafi ya faɗa ba. Kamar mai ba da labarin wani. Ya juya kofin ya ce Baba a ƙara gwadawa.

A na tara ko na goma ne ya ce ɓas, ya faɗo a ƙirjina, man giya ya biyo shi ya wanke min gemu da wuyan riga. Ya yi sauri ya tura roba a ƙarƙashi, yana ta ba ni haƙuri, wai laifinsa ne da bai ce a tsiyaye man ba tukuna. Ina jin kafaɗarsa na rawa a jikin tawa. Dariya yake dannewa. Na ce ya yi abarsa kada ta shaƙe shi. Muka yi tare, a kwance, har Maman yara ta turo kai ta taga tana tambayar ko lafiya.

Ya ciro zoben ya ɗora min a tafin hannu. Ɗan siriri, ya ɗan lanƙwashe.

Ɗaurin sabon bai kai awa ɗaya ba. Ya canza robar bakin giya da na ɓata da liba, ya zo da ita a aljihu, wato tun jiya ya san na ɓata ta. Ya shafa wa haƙoran shaf giris don kada tsatsa ta sake kama su. Babban notin ya bar min, da bututuna. Ya ce dabarar bututun ta fi abin da suke yi a gareji sauƙi. Wannan kam na san ƙarya ce, amma na ɗaure notin.

Maman yara ta sa aka kawo abinci falo. Ya ce zai ci a waje, kayansa da datti. Na ce nawa sun fi nasa. Ya zauna a bakin kujera, ya ci kaɗan, ya ce ana jiransa. Sai bayan ya tafi na tuna yau Talata, rabin yinin aikinsa ke nan na cinye masa.

Laraba, 15 ga Mayu

Na zagaya filin makarantar firamare sau uku, sitiyari a murɗe har ƙarshe, hagu da dama. Tsit.

Warin man giya bai bar gemuna ba. Sabulu uku.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na kai ta gashi da kaina. Mai gashin ta ce kumburin ya sauka, gwiwar ta fara lanƙwasuwa fiye da makon jiya. A hanyar dawowa Maman yara ta ce ta ga bulon a bayan famfo. Ta ce tun Talata ta gani, ta yi shiru ne don ba ta san wanda za ta fara yi wa kuka ba, ni ko Allah. Na ce ai ya wuce. Ta ce ya wuce saboda wani ya zo.

Ta ƙara da cewa Auta ta san labarin mahaifinsa tun kafin aure, ta so ta gaya min, na ce mata ba na son jin tarihin kowa. Ban tuna na faɗi haka ba. Amma ya yi kama da maganata.

Ya manta ƙafafun ƙarfensa a nan.

Asabar, 18 ga Mayu

Na kai masa kayansa. Niyyata in ajiye in juyo. Garejin ya fi yadda nake hangowa daga titi girma: rumfa biyu, rami ɗaya, kowace sifana da ƙusarta a jikin allo, an zana siffarta da fenti don a san wadda ta ɓata. Yana da littafi da yake rubuta kowace mota, abin da ya same ta da abin da aka canza. Rubutun nasa bai canza ba, ƙanana, a kwance. Na gane shi.

Ya goge min benci. Abokin aikinsa mai gyaran wayoyin mota ya tambaya ko baƙo ne, ya ce, “Malamina ne, kuma baban matata.” Aka kawo shayi. Wata mota ta zo tana zafi, suka yi ta gardama a kan dalili, na sa baki kaɗan a kan yadda ruwa ke tafasa in an matse shi. Suka saurara. Ban yi daidai ba duka, fankar ce ta mutu, amma bayanina yana nan daram.

Ban ce masa komai a kan rajistar nan ba. Na yi ta juya maganar a baki har shayi ya ƙare. Abin da ya fito shi ne, mahaifin nasa yana nan? Ya ce ya rasu shekara tara ke nan. Na yi masa addu'a. Ya ce amin, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

Sai azahar na dawo gida.

Lahadi, 19 ga Mayu

Auta da surukina sun yini a nan. Ta yi wa mamanta kitso, shi ya gyara marfin tankin ruwa da ya shekara yana yoyo, ni na riƙe tsani.

Da yamma na ce ina jin wata 'yar ƙara a tayar baya, ta dama, in na hau rami. Maman yara ta ce ita ba ta ji komai ba, kuma kunnenta ya fi nawa. Auta ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai tana murmushi, ban san na mene ne ba. Shi dai ya ce irin wannan ba a barinta, in kawo ta ya duba, amma aikin zai ɗauki lokaci, sai na zauna na jira.

Talata da safe zan kai. Zan tafi da kofin shayina, nasu ƙanana ne.